Me Ya Sa Antibairos Ke Kayar da Kwamfuta Bayan An Sabunta Windows?

Ranar 3 ga Janairun 2018 kamfanin Microsoft ya saki wani gyara na gaggawa ga masu amfani da Windows, kwana shida kafin Talatar da ya saba sakin gyare-gyarensa na wata-wata. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne labarin wasu ɓaraka biyu, Meltdown da Spectre, waɗanda masu bincike na Google da na Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya, tare da wasu, suka gano a jikin furosesa, ɗan guntun nan da ke yi wa kwamfuta duk lissafinta. Meltdown ta fi shafar furosesan Intel, kuma ta hanyarta muguwar manhaja na iya leƙa wurin da kwamfuta ke ɓoye kalmomin sirri. Gyara ne da bai kamata a kwana ba a saka shi ba. Amma sai ya zo da sharaɗi mai ɗaure kai: duk kwamfutar da antibairos ɗinta bai rubuta wata alama ta musamman a rajistar Windows ba, wato kundin da take ajiye tsare-tsarenta, ba za a tura mata gyaran ba, haka ma duk wani gyaran tsaro da zai biyo baya.

Microsoft bai ɓoye dalilinsa ba. A gwajin da ya yi, ya tarar wasu manhajojin antibairos na kai hannu wuraren da ba a ba su izini ba a can ƙuryar Windows, kuma da zarar gyaran ya shiga sai kwamfutar ta faɗi, fuskarta ta koma shuɗiya, wata ma ta ƙi tashi sam. Alamar nan ta rajista shaida ce daga kamfanin antibairos cewa ya gwada kayansa da sabon gyaran kuma sun zauna lafiya. A makonnin da suka biyo baya, masu kula da kwamfutocin ma'aikatu sun koma bin wani jadawali da wani masanin tsaro ɗan Birtaniya, Kevin Beaumont, ya buɗe a intanet, inda yake lissafa kamfanin da ya sa alamar da wanda bai sa ba. Abin da ya fi ba ni takaici a lamarin shi ne mai Windows 7 wanda ba shi da antibairos ko ɗaya, shi ma gyaran ya tsallake shi, domin babu mai rubuta masa alamar, sai fa in ya san yadda zai shiga rajista ya rubuta da hannunsa. Haka aka zauna har watan Maris kafin a ɗage sharaɗin ga Windows 10, sai Afrilu aka ɗage wa Windows 7 da 8.1.

To, ta yaya manhajar da mutum ya saka don ta tsare masa kwamfuta za ta zama ita ce mai hana ta tashi? Kuma me ya sa abin ya fi aukuwa a daidai lokacin da aka sabunta babbar manhaja?

Amsar tana wurin da antibairos yake zaune. Windows hawa biyu gare ta. A hawan sama manhajojin yau da kullum suke, irin su Word da Chrome da abin kallon bidiyo. Kowacce an killace mata nata wuri a ma'adanar aiki, ba ta iya taɓa na wata, kuma in ta yi tuntuɓe ita kaɗai ke faɗuwa. A rufe ta, a sake buɗewa, aiki ya ci gaba. A hawan ƙasa kuwa akwai abin da masana ke kira kanel, shi ne ke raba wa kowa ma'adana, shi ke magana da faifan ajiya da allon rubutu da katin intanet. A nan babu shinge tsakanin mazauna. Duk manhajar da aka bari ta sauka can tana iya karanta komai, ta rubuta a ko'ina. In ta miƙa hannu wurin da babu komai, ko ta rubuta a kan abin da ba nata ba, Windows ba ta da yadda za ta cire ta ita kaɗai. Abin da take yi shi ne ta tsayar da komai nan take, ta nuna shuɗin allo. Da gangan take yin haka, domin ci gaba da aiki bayan kanel ya rikice na iya lalata fayilolin da ke kan faifai, kuma wannan ya fi tsayawar muni nesa ba kusa ba.

Antibairos na cikin 'yan manhajojin da ake bari su sauka wannan hawa, kuma akwai hujja. Aikinsa shi ne ya ga kowane fayil kafin a buɗe shi, ya ga kowace manhaja kafin ta soma aiki, ya kuma iya cewa a'a a kan lokaci. Masu ƙera bairos sun daɗe da koyon yadda za su kutsa kanel su ɓuya, ta yadda duk wanda ke hawan sama ba zai gan su ba, balle ya kore su. Saboda haka kamfanonin tsaro ke dasa nasu direbobi a can, wato ƙananan manhajojin da ke aiki a cikin kanel, wasunsu ma suna tashi tun a daƙiƙun farko na kunna kwamfuta, kafin sauran manhajoji. Tun daga Windows 8 a 2012 aka tanadar musu gurbi na musamman don wannan sammako. Fa'idar a fili take. Illar kuma ita ce, in direban ya samu matsala, zai kayar da kwamfutar tun kafin ta kai inda mai ita zai iya danna wani abu, kuma haka zai yi duk lokacin da aka sake kunnawa.

Kamar mai gadi ne da aka ba makullan gida duka, har na uwar-ɗaka, yana sintiri da dare ba fitila domin ya haddace gidan. Wata rana maigida ya kira magina, suka toshe wata ƙofa, suka matsar da rijiya, ba wanda ya gaya wa mai gadi. Dare ya yi ya fito da takunsa na kullum. Abin da zai faru ba sai an faɗa ba, kuma da yake duk makullan na aljihunsa, da safe babu mai shiga, babu mai fita.

Sai dai ba duk antibairos ne ke tafiya da hadda ba. Microsoft ya tanadi ƙofofi na hukuma, rubutattu, waɗanda ya yi alkawarin ba zai sauya su ba tare da sanarwa ba: hanyar tace fayiloli, hanyar samun labari duk lokacin da wata manhaja ta tashi, da makamantansu. Wanda ya tsaya a kansu, da wuya sabuntawa ta girgiza shi. Matsalar ita ce gasa ta sa kamfanoni da dama ba su tsaya nan ba. Kowa na son ya ga abin da abokin hamayyarsa bai gani ba, sai injiniyoyinsu su bi diddigin cikin Windows, su gano cewa wani bayani yana zaune a wuri kaza, su ɗaura manhajarsu a kansa. Wannan wuri ba a taɓa yi musu alkawarinsa ba. Gyaran Meltdown kuwa ainihin aikinsa ke nan, ya sauya yadda ake shimfiɗa ma'adanar kanel, ya ɓoye ta daga idon manhajojin hawan sama. Duk wanda ya dogara da tsohuwar shimfiɗa, ranar ya faɗi. Microsoft da kansa ya taɓa ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na shuɗin allo daga direbobin wasu kamfanoni yake fitowa. Lissafinsa ne, kuma ya haɗa har da direbobin katin hoto da na firinta, amma yana nuna inda rauni yake.

Mai karatu zai ce, to me ya hana Microsoft rufe ƙuryar kowa ya huta? Ya gwada. A 2005 ya shigo da wata kariya mai suna PatchGuard a Windows mai bit 64, wadda ke hana kowace manhaja sauya muhimman sassan kanel. Da aka zo fitar da Windows Vista a 2006, sai Symantec da McAfee suka tayar da ƙura, McAfee har ya sayi shafi guda a jaridar Financial Times yana kukan cewa ana so a ɗaure wa kamfanonin tsaro hannu. Hukumar Tarayyar Turai ta sa ido a kan maganar, Microsoft ya sassauta, ya yi alkawarin buɗe musu wasu hanyoyi. A 2009 kuma ya ɗauki wa hukumar alkawarin bai wa sauran kamfanoni irin damar da nasa manhajojin ke samu a cikin Windows. Kukan kamfanonin ba na banza ba ne, domin Microsoft shi ne mai gidan kuma shi ma yana da nasa antibairos. In ya kori kowa daga kanel ya bar nasa, kasuwa ta zama tasa shi kaɗai.

An sake kai ruwa rana a 2017. Kamfanin Kaspersky na Rasha ya kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai da hukumar gasa ta Jamus, yana zargin cewa Windows 10 na cire manhajarsa yayin babbar sabuntawa ta maye gurbinta da Defender, antibairos ɗin Microsoft, kuma lokacin da ake ba kamfanoni su gwada kayansu ya yi kaɗan. Microsoft ya amsa cewa lalle yana dakatar da antibairos ɗin da bai dace da sabon zubi ba, na ɗan lokaci, don kada kwamfuta ta faɗi. A watan Agusta suka sasanta, Microsoft ya yarda zai ƙara wa kamfanonin lokaci, Kaspersky ya janye ƙara. Tsaka mai wuya ce: in aka bar tsohon antibairos a sabon zubi, kwamfuta na iya mutuwa. In aka cire shi, an cire wa mutum abin da ya saya da kuɗinsa.

Sulhun bai kawo ƙarshen faɗuwar ba. A watan Mayun 2018 sai da Microsoft ya dakatar da tura sabon zubin Windows 10 ga masu Avast, bayan wasunsu sun tarar da kwamfuta ta tashi fayau, babu komai a fuskarta. Ranar 9 ga Afrilun 2019 gyaran wata ya sauka a kan Windows 7 da 8.1, sai kwamfutoci masu Sophos da Avira da Avast da AVG da ArcaBit da McAfee suka soma sandarewa, wasu a wajen tashi, wasu a wajen shigar da kalmar sirri. Bayanan da Avast da McAfee suka fitar sun nuna an taɓa wani tsohon sashe na Windows mai suna CSRSS, abin da ya sa antibairos da Windows suka tsaya kowa na jiran ɗan'uwansa ya saki abin da ya riƙe. A watan Agustan shekarar kuma aka ga wani salo dabam. Microsoft ya koma sa wa gyare-gyaren Windows 7 sabon nau'in hatimi mai suna SHA-2 kaɗai, sai wasu manhajojin Symantec da Norton suka kasa gane hatimin, suka ɗauki gyaran a matsayin baƙon da ba a yarda da shi ba, suna tare shi ko su goge shi ana tsakiyar sakawa. Kwamfutar da aka katse wa gyara a rabi kuwa, ba tabbas ta sake tashi.

Duk waɗannan daga ɓangaren Windows sauyin ya zo. Amma manyan asarori biyu da aka fi tunawa da su, daga ɓangaren antibairos ɗin ne, kuma wajibi ne a bambanta, domin jama'a kan haɗa su wuri guda su ɗora wa sabunta Windows.

Ranar 21 ga Afrilun 2010 McAfee ya tura jerin sunayen bairos mai lamba 5958. A cikinsa akwai kuskuren da ya sa aka ɗauki svchost.exe, fayil ɗin da Windows ba ta iya rayuwa sai da shi, a matsayin bairos. A kwamfutoci masu Windows XP da ke kan zubin SP3, manhajar ta kama fayil ɗin ta killace, sai kwamfuta ta shiga kashe kanta tana kunnawa ba iyaka, ta kuma rasa hanyar sadarwa. Ma'ana ba za a iya aika mata magani daga nesa ba, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Asibitoci a jihar Rhode Island ta Amurka sun ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, wasu kantunan Coles a Ostireliya sun rufe.

Bayan shekara 14, da asubar Juma'a 19 ga Yulin 2024, ƙarfe 5:09 agogon Nijeriya da Nijar, kamfanin CrowdStrike ya tura wa manhajarsa ta Falcon wani ƙaramin fayil na umarni mai lamba 291. Shugaban kamfanin, George Kurtz, shi ne babban jami'in fasaha na McAfee a 2010. Binciken da kamfanin ya wallafa daga baya ya nuna kuskuren bai fi a faɗe shi a numfashi ɗaya ba: an tsara umarnin ya duba bayanai 21, alhali direban da ke kanel 20 yake miƙawa. Da ya nemi na 21 sai ya karanta wurin da ba nasa ba, Windows ta tsaya. Minti 78 kacal fayil ɗin ya yi kafin a janye shi, amma a cikin wannan ɗan lokaci, a lissafin Microsoft, na'urori miliyan 8.5 sun faɗi. Adadin bai kai kashi 1 cikin 100 na masu Windows a duniya ba, sai dai su ne na filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci. Tashar Sky News ta ɗauke daga iska, likitocin unguwa a Ingila sun kasa buɗe bayanan marasa lafiya, kamfanin jirgin Delta ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya ce ya yi asarar kimanin dala miliyan 500, ya kuma maka CrowdStrike a kotu a watan Oktoba.

Yadda aka yi gyaran ya cancanci a tsaya a kansa. Ma'aikaci zai je gaban kwamfuta da ƙafarsa, ya tilasta mata shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da 'yan direbobin da ba makawa sai da su. In faifan a kulle yake da BitLocker, kamar yadda na yawancin manyan ma'aikatu suke, sai ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Wani zai karanto masa ta waya, shi kuma yana bugawa, in ya kuskure ɗaya ya koma ya gyara. A wasu wuraren ma kwamfutar da ke ajiye lambobin ceton ita ma ta faɗi. Bayan ya shiga, ya nemi jakar CrowdStrike a cikin jakar direbobi, ya goge fayil guda da sunansa ya fara da C-00000291, ya sake kunnawa, ya matsa ta gaba. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Direban da kansa yana ɗauke da hatimin amincewar Microsoft, amma ƙananan fayilolin da ke juya shi, waɗanda ake turowa a kai a kai, ba sa bi ta wannan tantancewa, kuma an tura wannan ga kowa a lokaci guda maimakon a fara da kaɗan a ga yadda za ta kaya.

A ganina a nan alhakin ya fi nauyi. Kuskure a rubutun manhaja ba wanda ya fi ƙarfinsa. Abin da ba shi da uzuri shi ne kamfanin da aka ba izinin zama a kanel ya tura sauyi ga miliyoyin kwamfutoci gaba ɗaya ba tare da ya gwada a kan 'yan ɗaruruwa ba, ko ya gina kayansa a kan ɓoyayyun sassan da ya san za su iya motsawa kowane wata. Shi ma Microsoft ba a wanke shi ba. Shi ne ya san abin da zai sauya, shi ke da hanyar gwada gyaransa da shahararrun antibairos kafin ya saki, kuma abin da ya faru a Afrilun 2019, inda antibairos shida suka faɗi a kan gyara ɗaya, ya nuna gwajin bai kai yadda ya kamata ba. Bayan hatsarin CrowdStrike, Microsoft ya nuna yatsa ga alkawarin 2009, Hukumar Tarayyar Turai kuma ta ƙi karɓar laifin. Ko ma wane ne da gaskiya a tsakaninsu, shekara 15 sun isa a gina wa kamfanonin tsaro hanya mai kyau a hawan sama, wadda za su ga abin da suke bukata ba sai sun sauka ƙasa ba.

Kamfanin Apple ya bi wannan hanya tun 2019, lokacin da ya fito da wani tsari a macOS Catalina da ke bai wa manhajojin tsaro damar sa ido daga wajen kanel, sannan ya yi ta ƙuntata tsohuwar hanyar a zubin da suka biyo baya. Faɗuwar gaba ɗaya ta ragu, amma rikici bai ƙare ba. Da macOS Sequoia ta fito ranar 16 ga Satumban 2024, masu amfani da kayan tsaro na CrowdStrike da SentinelOne da ESET da na Microsoft kansa sun yi kukan intanet na yanke musu, sai da Apple ya fitar da gyara a farkon Oktoba. Bambancin dai babba ne, domin kwamfutar da intanet ɗinta ke yankewa tana nan a kunne, ana iya shiga a gyara ta. Microsoft ya tara kamfanonin tsaro a hedikwatarsa da ke Redmond ranar 10 ga Satumban 2024, kuma a tsakiyar 2025 ya sanar da fara gwajin tsarin da zai ba su damar aiki daga wajen kanel, tare da wata hanyar da kwamfutar da ta kasa tashi za ta iya jawo gyara da kanta ta intanet.

Mu kuma a nan, lamarin yana da tasa fuskar. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu na hannu ne, kuma sau da yawa sukan zo da antibairos ɗin gwaji da wa'adinsa ya ƙare tun tuni. Ya daina karɓar sabuntawa, amma direbansa na nan daram a kanel, yana tashi kullum. Sai mai gyara ya ƙara wani a kai don kyautatawa, wani lokaci ma wanda aka fasa aka hana shi magana da kamfaninsa don kada a gane. Direbobi biyu ke nan, tsofaffi, kowanne na tare fayil ɗin da ɗayan ke son dubawa. Ranar da aka samu data mai yawa Windows ta sabunta kanta, sai a wayi gari da shuɗin allo. A kai ta shago, mai gyara ya kunna sau biyu, ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan sai fomatin." Mai ita ya ce, "To aikina na makaranta fa, yana ciki?" A ce masa, "Ai sai haƙuri." Garin neman gira an rasa ido, domin a mafi yawan irin wannan faɗuwa fayilolin mutum lafiyarsu ƙalau, direba ɗaya ne ya tare hanya.

Bayan fomatin kuma sai a zo ga shawarar da ta fi komai cutarwa: a kashe sabuntawa gaba ɗaya, wai ita ce ke lalata kwamfuta kuma tana shan data. Na fahimci mai wannan tunani, domin abin da idonsa ya gani ke nan, kuma data kuɗi ce. Amma a tuna da WannaCry. Ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a hanyar musayar fayiloli. Ranar 12 ga Mayu, bayan kusan wata biyu, bairos mai garkuwa da fayiloli ya bi ta wannan ɓaraka ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ya sa hukumar lafiya ta Ingila soke ganin likita kusan 19,000. Waɗanda suka saka gyaran Maris ya wuce su. Kwamfutar da antibairos ya kayar, a yini ɗaya ana iya tayar da ita da kayanta cikakku. Wadda aka kulle wa fayiloli ana neman kuɗin fansa, sau da yawa an rabu da su ke nan.

Abin yi ba shi da wahala. In shuɗin allo ya fito, a ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace, domin a ƙasansa sau da yawa akan rubuta sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar. In sunan ya fara da asw, na Avast ne. Mfe na McAfee ne. Klif na Kaspersky ne. In kwamfutar ta ƙi tashi, a kashe ta da maɓallin wuta tana tsakiyar tashi, sau biyu zuwa uku a jere, za ta buɗe shafin ceto da kanta. Daga nan ana iya cire gyaran ƙarshe da ya shiga, ko a shiga Safe Mode a cire antibairos ɗin. Cirewar ma a yi ta da manhajar gogewa ta kamfanin, irin MCPR ta McAfee ko kavremover ta Kaspersky ko Avast Clear, saboda cirewa ta yau da kullum kan bar direba a baya. In babbar sabuntawa ce ta sauya zubin Windows, akwai kwana 10 da aka ba mutum ya koma tsohon zubi. Mai shago ko makaranta da ke da kwamfutoci da yawa kuma, ya fara sabunta ɗaya ko biyu, ya dakatar da sauran na 'yan kwanaki. Windows na ba da damar dakatarwa har mako biyar. Jinkirin mako guda dabara ce mai kyau, matuƙar an dawo an saka.

Sai maganar wane antibairos. Ra'ayina shi ne ga mai kwamfutar gida ko ƙaramin shago, Defender da ke zuwa cikin Windows ya wadatar. A gwaje-gwajen cibiyoyi masu zaman kansu irin su AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya, ya daɗe yana fitowa a sahun gaba, kuma tare da Windows ake sabunta shi. Shi ma yana kuskure: a Janairun 2023 wata ƙa'idarsa ta goge wa ma'aikatu da dama gajerun hanyoyin buɗe manhajoji daga fuskar kwamfuta. Amma ya fi tsohon antibairos da ya mutu a tsaye, ya kuma fi wanda aka fasa. Wanda ya zaɓi sayen wani, ya sayi na gaskiya, ya riƙe guda ɗaya tak, ya sabunta shi kafin ya sabunta Windows, ya kuma ajiye kwafin muhimman fayilolinsa a filash ko wani faifai dabam.

Akwai kuma ranakun da ya kamata kowa ya sani. Tallafin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairun 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Kwamfutar da ke kan waɗannan ba ta ƙara samun gyaran tsaro, kuma babu antibairos ɗin da zai toshe ɓarakar da ke jikin Windows kanta.

Kirana ga 'yan'uwa masu gyaran kwamfuta, ku da jama'a ke miƙa wa amanar aikinsu na shekaru: kafin ku ce sai fomatin, ku gwada Safe Mode, ku duba sunan direban da ya faɗi, ku kwashe wa mutum fayilolinsa. Kada ku ɗora masa antibairos biyu, kuma in zai tafi da kwamfutarsa, ku bar masa sabuntawa a kunne.